Bakin Alƙalami Uku a Tarihin Garwa

Duk wanda ya taɓa riƙe alƙalami mai shan tawada ya san ranar da bakinsa ya fara girgiɗi. Ka ɗora shi a kan takarda ya goce gefe, ka danna ya ɗiga maka tawada a tsakiyar layi, ka sassauta hannu ya ƙi rubutu sam. Ciwo ne ƙarami, ga wanda ya san kansa gyaran bai wuce na minti goma ba. Sai dai masu iya wannan gyaran sun yi ƙaranci a Garwa, kamar yadda suka yi a Yola da Kano.

Abin mamaki a nan shi ne, Garwa gari ne da a da yaro ɗan shekara goma ke yi wa kansa alƙalami da 'yar wuƙa, ya gyara shi sau da dama kafin ya cika allo guda. Cikin shekaru kamar 150 garin ya ga bakin alƙalami iri uku: na kara, na ƙarfe, da na biro. Kowane ɗaya ya zo ne tare da sabon mai mulki ko sabuwar kasuwa, kuma kowane sauyi ya ƙara nisanta gyaran alƙalami daga hannun mai rubutu. Wannan tarihin nake so mu bi tare, mai karatu, a kan hanya kuma mu tsaya mu ga yadda ake ɗaure bakin da ya saki.

Zamanin kara

Garwa ta Fulani ta kafu ne a farkon ƙarni na 19, a gaɓar kogin Binuwai, a ƙasar da Bata da Fali suka daɗe da zama. Mutumin da ake danganta kafuwarta da shi, Haman Njundi, modibbo ne, wato malami. Haka shi ma Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa daular Fombina da fadarta ta zauna a Yola daga 1841. Mulki ne da malamai suka kafa, don haka alƙalami na cikin kayan sarauta tun ran farko. Fatake Hausawa da Barebari da suka biyo baya, masu cinikin tufafi da kanwa da hauren giwa da bayi, su ma sun zo da nasu malaman, suka buɗe makarantun allo a unguwanninsu.

Alƙalamin wancan lokaci a daji yake tsirowa. Almajiri zai samo busasshen karan gamba ko siririn karan dawa mai ƙwari, ya yanke kamar taƙi guda. Sai ya fiƙe gefe ɗaya a karkace, ya rarake cikin, ya tsaga tsinin da bakin wuƙa, sannan ya ɗora shi a kan abu mai tauri ya datse kan a faɗin da yake so. Tsagar nan ita ce ran alƙalami, domin ta cikinta tawada ke biyowa a hankali zuwa inda kara ke taɓa allo. Fulanin yankin na kiran wannan alƙalami binndirgol, wato abin yin rubutu.

Tawada ma ta gida ce, kuma iri biyu ce. Ta allo ana yin ta da gawayi ko baƙin tukunya a haɗa da ƙaro, don ta kama itace amma ta wanku idan an hardace darasi. Ta takarda kuwa ana jiƙa 'ya'yan bagaruwa da kashin maƙera, ruwan ya yi baƙi, ya shiga jikin takarda ya zauna. A zuba a kurtu, a rataya. Takarda ce kaɗai baƙuwa. Mafi shahara ita ce mai tambarin jinjirin wata uku, wadda ake yi a arewacin Italiya, ta biyo ta Tarabulus ko Alƙahira, ta ratso Sahara a bayan raƙuma. Tsadarta ce ta sa ba a barin yaro ya taɓa ta sai hannunsa ya faɗa a allo.

Abin lura shi ne, a wannan zamani babu wani abu wai shi baki ya yi girgiɗi, domin baki da jiki duk kara ɗaya ne. In ya dakushe a fiƙe, in tsagar ta yi faɗi a datse a sake wata. Haka alƙalami zai yi ta gajarta har ya gagari yatsu, a yar da shi a yanko sabo, ba a kashe ko wuri ba. Kuma mai rubutu ne ke zaɓar hannunsa ta hanyar yanka: mai kauri na rubuta nassi, siriri na sharhi a gefen shafi, wani na jan wasali, wani na ɗorawar hamza. Koyon fiƙe alƙalami ɓangare ne na koyon rubutun kansa.

Abin da kara ya rubuta

Kada sauƙin wannan alƙalami ya sa mai karatu ya raina shi. Da shi aka gudanar da siyasar Fombina kusan shekara ɗari. A watan Yuni na 1851 Bajamushen nan Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya ƙetare Binuwai a inda kogin Faro ke zuba cikinsa, yamma da Garwa, ya isa Yola ɗauke da wasiƙu daga fadar Borno. Da aka karanta su a gaban Lamiɗo Lawal, sai aka ga sun tado da maganar ƙasashen kan iyaka da Borno ke cewa nata ne. Cikin 'yan kwanaki aka sallami baƙon. Tafiyar makonni ta rushe saboda 'yan layukan da ya ɗauko a gafakarsa.

A shekarun 1880, Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya zauna a Balda, kusa da Marwa, yana musayar wasiƙu da Mahadin Sudan, har aka naɗa shi wakili a wannan ɓangare ta hanyar takarda. Da Ingilishi suka ci Yola a watan Satumba na 1901, Lamiɗo Zubairu ya fita, ya rubuta wa Sarkin Musulmi Abdurrahman labarin abin da ya faru. An tsinci wasiƙar a Sakkwato a 1903 cikin tarin takardun fada, wani jami'in mulkin mallaka mai suna Backwell ya buga fassararta a 1927. Zubairu ya sake gwabzawa da Jamusawa a Garwa a watan Nuwamba na 1901, sannan a Marwa a Janairun 1902, bai yi nasara ba. Daga nan Garwa ta shiga hannun masu wani irin alƙalami dabam.

Zuwan bakin ƙarfe

Tun a shekarun 1820 maƙeran birnin Bamingham na Ingila, irin su John Mitchell da Joseph Gillott, suka gano yadda za a riƙa buga bakin alƙalami na ƙarfe da inji, dubbai a yini guda. Kafin Turawa su iso Binuwai, fiffiken dinya ya riga ya kau daga ofisoshinsu. Jamusawa sun mai da Garwa mazaunin Razdan ɗinsu, kuma da yake ta hannun sarakuna suke mulki, ba su iya rabuwa da malaman fada ba. Wasiƙa tsakanin lamiɗo da Razdan da Larabci take tafiya. Kara da ƙarfe suka yi zaman doya da manja a wannan ɗan lokaci. A 1906 aka buɗe makarantar gwamnati a Garwa, amma ba ta yi tsawon rai ba. Ranar 10 ga Yuni 1915 sojojin Jamus da ke garin suka miƙa wuya ga rundunar Ingila da Faransa, aka raba ƙasa, Garwa ta faɗa rabon Faransa, Yola kuma tana hannun Ingila.

A makarantar Faransa ne bakin ƙarfe ya shiga hannun yaran arewacin Kamaru sosai. Yaro zai fara da ɗan allon dutse, in ya yi gaba a ba shi littafi da alƙalamin tsomi. A jikin tebur akwai rami da ake saka ɗan farin kurtu na tangaran, a cika shi da tawada ruwan makuba wadda ake damawa daga gari, ga kuma takardar tsotse tawada a gefe. Bakin da ya fi suna a makarantun Faransa shi ne Sergent-Major.

A nan ne aka fara sanin girgiɗin baki a Garwa, domin alƙalami ya rabu gida biyu: ga mariƙi na itace, ga baki na ƙarfe da ake cusawa a ciki. Duk manomi ya san wannan ciwo, shi ne na ruwan fartanya da ƙota. Yara kuwa ba su rasa dabara ba. A matse ƙarfen mariƙin, ko a naɗa zare, ko a cusa gutsuren takarda a gindin bakin har ya tsaya. Sabon baki mai santsin mai a jiƙa shi da miyau ko a wuce da shi ta kan harshen wuta don ya kama tawada. Iyakar gyaran ke nan. Idan haƙori ɗaya ya lanƙwashe, ko tsatsa ta cinye tsinin, babu maƙerin da zai buga wani a garin. Sai an jira kanti, kanti kuma na jiran kogi, domin jiragen ruwa daga Burutu ba sa iya kaiwa tashar Garwa sai a 'yan watannin da Binuwai ta cika, daga tsakiyar damina zuwa kaka. Abin da a da ake yankowa a bayan gari ya koma abin da ake jira daga nisan fiye da kilomita 1,000.

Akwai wani bambancin da ya fi wannan zurfi. Bakin ƙarfe mai tsini an yi shi ne don a ja shi daga hagu zuwa dama, kaurin layi da sirantarsa kuma daga dannawa suke fitowa. Shi kuwa kara, faɗin yankansa ke ba da kauri, kuma yana tafiya daga dama zuwa hagu ba tare da ya soki takarda ba. Mai son rubuta Larabci da bakin ƙarfe sai ya goge tsininsa a dutse ya yi masa faɗi, in ba haka ba ya yi ta kartar takarda. Ga shi kuma tawadar bagaruwa na cin ƙarfe. Saboda haka alƙaluman biyu suka rabu kamar yadda makarantun biyu suka rabu. Iyaye da yawa sun ƙi ba da 'ya'yansu ga makarantar Nasara, wasu manya kuma suka tura 'ya'yan barorinsu a madadin nasu.

Sakamakon wannan rabuwa ya yi nauyi. Da Faransanci ya zama harshen ofis da kotun gwamnati, sai aka wayi gari modibbon da ya rubuta Alƙur'ani da ka, wanda ke iya tsara wasiƙar Larabci da waƙar Fulatanci ko Hausa a ajami, ana lissafa shi cikin waɗanda ba su iya rubutu ba. In ya je ofis sai ya nemi marubucin wasiƙa da ke zaune a ƙofar gidan waya, in an gama a miƙo masa tawada ya dangwala yatsa. Iliminsa yana nan yadda yake, hukuma ce ta sauya alƙalami.

Waɗanda suka riƙe alƙaluman biyu su ne suka ci moriyar zamanin. Ahmadu Ahijo, wanda aka haifa a Garwa a 1924, ya fara da allo, ya shiga makarantar gwamnati a 1932, ya wuce babbar firamare ta Yawunde, ya kama aikin waya da rediyo a ma'aikatar gidan waya a 1942. A 1947 ya shiga majalisar wakilai, ya zama firaminista a Fabrairun 1958, sannan shugaban ƙasa a 1960. Tsarar 'yan boko na farko irinsa 'yan kaɗan ne a arewa, kuma ƙarancinsu ne ya sa duk wanda ya iya riƙe bakin ƙarfe ya zama abin nema.

Alƙalami mai shan tawada

Burin samun alƙalamin da ke ɗauke da tawadarsa a ciki tsoho ne. Alƙali Nu'uman ya ba da labarin cewa halifan Faɗimiyya, Mu'izzu, ya sa an ƙera masa irin wannan a wajajen shekarar 953, wanda ba ya ɓata hannu ko tufa. Amma matsalar da ta daɗe tana gagarar maƙera ita ce iska. Tawada ba za ta fito daidai ba sai iska ta shiga ta maye gurbinta, in kuwa iskar ta shiga da yawa sai tawadar ta kwararo. A 1884 wani Ba'amurke, Lewis Waterman, ya yi rajistar wata 'yar magudana mai siraran tsagogi da ke kwanciya a ƙarƙashin baki, tawada na sauka ta tsagogin, iska na hawa ta samansu. Da baƙar roba mai tauri ake yin ta. A ƙarshen mulkin Jamus roba ce kan gaba a kayan da Kamaru ke fitarwa, fatake Hausawa na cikin masu sayo ta daga dazuzzukan kudu, jirage na kai ta Hambug, birnin da ke da masana'antun baƙar roba, inda kuma kamfanin da ya zama Montblanc ya tashi.

A Garwa wannan alƙalami ya zama shaidar matsayi. Akawu da tafinta da malamin makaranta da ma'aikacin gidan waya kan soke shi a aljihun gaba yadda kowa zai ga maƙalin hularsa. Masu hali na riƙe Waterman ko Parker ko Pelikan. Daga baya Hero na birnin Shangai, wanda aka kwaikwayo daga Parker 51, ya sauko da shi zuwa aljihun ɗalibai.

Sai dai an ƙera shi ne don ƙasashen sanyi, a nan kuwa ya haɗu da abokan gaba uku. Na farko zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni kan haura 40 a Garwa. Iskar da ke cikin tumbin alƙalami na kumbura ta turo tawada waje, 'yar jakar robar da ke riƙe tawadar kuma ta yi saurin ruɓewa. Na biyu hunturu, wanda ke busar da tawada a cikin tsagogi, ƙura kuma ta liƙe su. Na uku, wanda ya fi su ɓarna, tawadar allo. Wanda ya ɗura ta don tsimi ya kashe alƙalaminsa, domin ƙaro na daskarewa a magudana kamar danƙo. Alƙalamin da ya toshe sai mai shi ya riƙa danna shi, yana girgizawa, yana zare bakin yana mayarwa, daga nan girgiɗi ke farawa.

Yadda ake ɗaure bakin da ya saki

A yawancin waɗannan alƙaluma babu ƙusa babu danƙo. Baki da magudana a manne suke da juna, an cusa su tare cikin wuyan alƙalami, matsi kaɗai ke riƙe su. Girgiɗi na zuwa ne ta ɗaya daga hanyoyi uku: ko sun zamo waje kaɗan, ko magudana ta rabu da ƙasan baki, ko wuyan ya tsage.

Da farko a zubar da tawadar, a jiƙa wuyan a ruwan sanyi ya kwana, don busasshiyar tawada ta narke. Sannan a kama baki da magudana tare, babban yatsa a ƙasa manuniya a sama, a zare su a miƙe. In suna santsi a naɗa musu yankin robar tif na keke. Kada a sa filaya, kada kuma a murɗa, don garin gyaran gira ake rasa ido. A wanke tsagogin da tsohon buroshin haƙori. A ɗaga wuyan a hasken rana a duba. In an ga tsaga ko da siririya ce kamar gashi, to nan ciwon yake, kuma sai an sami wani wuyan daga mataccen alƙalami irinsa.

In wuya lafiya yake, a ɗora bakin a kan magudana yadda tsagarsa za ta hau daidai kan tsagar magudana, tsinin ya ɗan zarce ta. A leƙa cikin wuya, sau da yawa akwai gurbin da tsohon zaman bakin ya bari, a bi shi. A tura su tare har su tsaya. Daga nan a gwada cusa siririyar takarda tsakanin baki da magudana. In ta shige ba gardama, akwai giɓi. Ga magudanar baƙar roba maganin shi ne ruwan zafi da aka sauke daga wuta. A tsoma baki da magudana kawai, ban da wuya, kamar daƙiƙa 30, a fitar a matse su da yatsu ta cikin ƙyalle har su huce. Baƙar roba na laushi da zafi, ta ɗauki siffar bakin, ta riƙe ta in ta yi sanyi. Magudanar filastik ta alƙaluman baya-bayan nan ba ta jure wannan sosai, gara a tsaya a wanki da mayarwa.

A ƙarshe a dubi haƙoran bakin biyu ta gaba. In ɗaya ya ɗara ɗaya tsayi, a ɗaga na ƙasan da farce a hankali har su daidaita. Abu ɗaya da ba a yi ko kusa shi ne ɗiga gam mai saurin kamawa, domin zai bi tsagogin nan da tawada ke bi, ya rufe su har abada. Wannan sani ne da masu gyaran agogo da tabarau kan haɗa da sana'arsu. Ka ga nan gyara ya riga ya bar hannun mai rubutu ya koma teburin wani, amma dai yana cikin gari.

Bakin da ba ya gyaruwa

A 1938 wani ɗan jaridar Hangare, Laszlo Biro, ya yi rajistar alƙalami mai 'yar ƙwallo a baki da tawada mai kauri. A Disambar 1950 Marcel Bich ya fito da Bic Cristal a Faransa, mai arha har a yar in ya ƙare. Malaman makarantun Faransa sun daɗe suna ƙin sa, suna cewa yana ɓata hannu, sai a 1965 hukumar ilimi ta can ta halatta shi a aji. Iyakar da aka shata bayan 1915 ta bayyana har a sunansa. A Yola da Mubi biro ake cewa, a Garwa da Marwa kuwa bik.

Ya kamata a ba biro haƙƙinsa. Ba ya tsiyaya a aljihu da zafin bazara, ba ya bushewa da hunturu, ba ya bukatar kurtu. Da shi aka iya cika azuzuwan da suka yawaita a arewa bayan samun 'yanci, lokacin da 'ya'yan talakawa da 'yan mata suka fara shiga makaranta da yawa. Yana jure dannawa, don haka yana ratsa takardar kabon ya fitar da kwafi biyu ko uku a lokaci guda, abin da malaman awo a kasuwannin auduga ke bukata, musamman bayan kafa kamfanin Sodecoton a 1974 da babban ofishinsa a Garwa. Yana rubuta boko, yana rubuta ajami, ba ruwansa da dama ko hagu.

Farashinsa shi ne ba a buɗe bakinsa. In ƙwallon ta tsaya, iyakar dabara a murza shi a tafin hannu ko a goga a ƙasan takalmi, in ya ƙi a jefar. Layinsa kuma ɗaya ne ga kowa, ba kauri ba siranta. Tawadarsa rini ce, tana kodewa idan haske ya daɗe a kanta, alhali tawadar bagaruwa ta ƙarni na 19 na nan ana karanta ta.

Wanda ya rayu da wanda ya mutu

In muka duba yau, sai mu ga abin da ba a zata ba. Alƙalamin tsomi ya kau, mai shan tawada ya koma abin tunawa, amma kara yana nan. A makarantun allo na Garwa da Marwa da Ngaundare har gobe almajiri na fiƙe alƙalaminsa, domin mai amfani da shi shi ne maƙerinsa, kayan aikinsa kuma na tsirowa duk damina. Biro ya rayu don arharsa ta sa ba a damu da gyaransa ba. Na tsakiyar ne ya mutu, shi da ke bukatar mai gyara da kayan gyara daga waje.

Tarihin garin kansa ya nuna darajar waɗanda aka taɓa sa su dangwale. Eldridge Mohammadou, wanda aka haifa a Garwa a 1934 ya rasu a Maiduguri a 2004, ya shafe shekaru yana bin fadojin arewacin Kamaru yana ɗaukar bayanan dattawa da malamai. Littafinsa a kan tarihin Garwa da wani modibbo suka yi shi, Ahmadu Bassoro. Mai ilimin boko ya koma wurin ma'abota kara kafin ya iya rubuta asalin garinsu.

Aikin bai ƙare ba. A gidaje da yawa na Garwa akwai akwatunan iyaye da kakanni da ba a buɗe ba tun rasuwarsu. A ciki akan sami wasiƙun ajami, da takardun gado da na filaye, da littattafan lissafin fatauci, da takardun shaidar makaranta masu tawada ruwan makuba, wani lokaci har da alƙalamin da ya sa hannu a kansu, bakinsa na girgiɗi. Gara da ɗanshin damina ba sa jira. Bahaushe ya ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ke da irin wannan akwati ya buɗe shi tun dattawan da za su iya karanta hannun suna raye. Ya ɗauki hoton kowane shafi, ya naɗe takardun a busasshen wuri nesa da ƙasa, ya rubuta sunan mai su da shekarunsa. Alƙalamin kuma ya jiƙa shi a ruwa ya kwana, ya mayar masa da bakinsa yadda muka bayyana, ya ɗura masa tawadar da aka yi dominsa. Yanzu da Garwa ta sami jami'arta tun 2022, akwai ɗaliban tarihi da za su nemi waɗannan takardu. Allah ya sa su same su a raye.